RA'AYINMU: A Rubuta, A Sa Shaidu, A Adana

A 'yan shekarun nan babu maganar da ke tayar da hankalin manomi a ƙasar Gumel kamar maganar gona. Daga Ɗanzomo zuwa Gagarawa, daga Sule Tankarkar zuwa Maigatari, jama'a sun ƙaru, fili ya yi daraja, masu kuɗi kuma suna zuwa daga nesa suna neman inda za su zuba jari. Amma har yau da yawa daga cikinmu, in aka tambaye mu shaidar gonar da muke nomawa, sai mu ce ai kowa ya san ta kakanmu ce. To, dattawan da suka san haka suna tsufa, suna rasuwa, kuma in sun tafi sukan tafi da shaidarsu.

Ba mu manta da abin da ya faru a 2016 da 2017 ba, sa'ad da gwamnatin Jigawa ta ware kimanin hekta 12,000 a ƙananan hukumomin Gagarawa, Sule Tankarkar, Garki da Taura domin kamfanin Lee ya yi noman rake. Gwamnati ta ce jama'a za su sami aikin yi, manoma da dama kuwa suka koka cewa za a raba su da gonakinsu na gado, har wasu suka kai ƙara kotu. Ba mu zo yanke hukunci a kan wannan ba. Abin da muke so mu ɗauka shi ne darasi: ranar da irin wannan ta taso, tambaya ta farko ita ce, gonar wa ce, ina iyakarta, me ke cikinta?

Ya kamata kowane mai bi ya san abin da doka ta ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta danƙa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin jama'a. Ma'ana, abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne da amfani. A cikin birni gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da C of O. A karkara kuwa ƙaramar hukuma tana da ikon ba da haƙƙin zama na al'ada, har hekta 500 domin noma. Wanda yake noma gonarsa tun kafin 1978, sashe na 36 ya amince masa ya ci gaba ko ba shi da takarda. Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ba kowane ɗan Nijeriya damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar nan, ba tare da an tambayi addininsa ko ƙabilarsa ba.

Sai dai dokar nan ta ba gwamna ikon soke haƙƙin mutum saboda amfanin jama'a, bayan an ba shi sanarwa. Diyyar da za a biya kuma ba ta ƙasar kanta ba ce, ta abin da aka yi a kai ce: gini, rijiya, amfanin gona, itatuwa. Saboda haka takarda ba za ta hana gwamnati karɓar fili ba, amma ita ce za ta nuna wa za a biya, kuma a kan me. Marar shaida, wani ne zai iya tsayawa a gonarsa ya karɓi diyyar.

Haƙƙi kuma yana tafiya da nauyi. Mai takardar gwamna zai riƙa biyan kuɗin ƙasa, kuma ba zai sayar ko ya ba da jingina ba sai da yardar gwamna. Na karkara sai da amincewar ƙaramar hukuma. A 1989, cikin shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba da wannan yarda ba. In banki da lauyoyinsa suka yi asara ta haka, ina ga talaka? Haka nan kada mu ci iyakar maƙwabci, kada mu shige burtali mu nome shi don bana gero ko riɗi ya yi kuɗi. Littafin Maimaitawar Shari'a sura 19 ya hana a matsar da alamar iyaka, kuma Kiristan da ya ci iyakar maƙwabcinsa ya ɓata shaidar Ikilisiya duka a ƙauyen.

Akwai 'yan'uwa masu cewa neman takarda tsakanin masu bi rashin yarda ne da juna. Muna roƙonsu su buɗe Irmiya sura 32. Annabi ya sayi gona a Anatot daga hannun Hanamel, ɗan'uwansa na jini, a kan azurfa shekel 17. Duk da zumuncin, sai da ya rubuta takarda, ya sa hatimi, ya kira shaidu, ya auna kuɗi a gabansu, sa'an nan ya ba Baruk takardun ya ajiye cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Ibrahim ma, a Farawa sura 23, an yi masa tayin makabarta kyauta, amma ya biya shekel 400 a gaban mutanen gari. Waɗannan ba marasa bangaskiya ba ne. Takarda ba ta raba zumunci, rashinta ne ke kai 'yan'uwa gaban alƙali.

Shawararmu ita ce, tun rani kafin ruwa ya sauka, kowane maigida ya kewaya gonarsa tare da maƙwabtan iyaka da mai unguwa, a rubuta iyakoki da itatuwan da ke ciki, dagaci ya sa hannu, sa'an nan a kai ofishin ƙasa na ƙaramar hukuma a nemi takarda. In aro ne ko jingina, a rubuta cewa aro ne ko jingina, da kuɗin da shekarun, domin aron da ya daɗe 'ya'ya sukan ɗauka gado ne. Maigida ya sanar da matarsa inda takardu suke, ya kuma rubuta wasiyya tun yana da ƙarfi, gama mun sha ganin gwauruwa da marayu an raba su da gona kafin a share makoki.

Ga shugabannin Ikilisiya kuma, muna da kira na musamman. Filin majami'a, da gidan fasto, da makabarta, kada a bar su da sunan wani fasto ko dattijo, kome amincinsa. Fasto yakan tashi, dattijo yakan rasu, magadansa kuwa ba lalle su san alkawarin da ya yi ba. A sa su da sunan amintattun Ikilisiya masu rajista, a aika kofi hedkwata. In an gamu da jinkiri wajen neman takarda, a bi da haƙuri da ladabi, amma kada a fasa.

Littafin Firistoci sura 25 ya tuna mana cewa ƙasa ta Ubangiji ce, mu baƙi ne a cikinta. Wanda aka ba ajiya kuwa, wajibi ne ya san iyakar abin da aka ba shi, ya miƙa wa na baya ba tare da rigima ba. Rigakafi ya fi magani. Ubangiji ya ba mu hikima da zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.