Shin Waƙar Baka Ba Ta Da Mai Ita Ne?

A ranar 17 ga watan Maris na 2023 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin dokar soja mai lamba 47 ta 1988. Dalilin sabunta ta a fili yake, domin kuwa an rubuta tsohuwar ne a zamanin faifan garmaho da kaset, sa'ad da mai satar waƙa sai ya tanadi na'ura da rumfa a kasuwa. Yau kuwa wayar hannu ta ishe shi. An yi ta sharhi a kan amfanin da masu shirya fim da mawaƙan zamani za su samu, amma ba a cika jin an ambaci makaɗan baka ba, alhali kuwa waƙoƙinsu na cikin abin da aka fi wawashewa a intanet.

Duk wanda ya nemi sunan Alhaji Mamman Shata a YouTube zai tarar da waƙoƙinsa jibge a tashoshi barkatai, da tallace-tallace suna gilmawa a tsakani. Talla kuwa kuɗi ce. Abin tambaya shi ne, aljihun wa suke shiga? Idan ba su isa ga magada ba, to an koma gidan jiya ke nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A takarda dai dokar ba ta bar makaɗi a baya ba. Ta ce haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu. Shata ya rasu a 1999, watau haƙƙin waƙoƙinsa na magadansa ne har ƙarshen 2069. Na Musa Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, sai ƙarshen 2061, na Ɗanmaraya Jos kuwa, da ya rasu a 2015, sai ƙarshen 2085. Ɗaya daga cikin sharuɗɗan shi ne a ce an taskace waƙar a cikin wani abu, ko takarda ko faifai ko kaset, kuma waɗannan makaɗa an ɗauki muryarsu ba iyaka.

To, ina gizo yake saƙar? Wuri na farko shi ne a bakin manazarta kansu. An saba a aji a haɗa tatsuniya da kacici-kacici da waƙar daɓe da Bakandamiyar Shata a kira su duka adabin gargajiya. Wannan rabo yana da amfaninsa wajen koyarwa, amma a gaban shari'a yana da haɗari. Dokar ta ware wani babi dabam domin abin da al'umma ta gada kaka da kakanni, wanda ba a san wanda ya ƙaga shi ba, ta kuma danƙa ikon ba da izinin cinikinsa ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Waƙar daɓe ta shiga nan, babu gardama. Amma Bakandamiya an san mai ita, an san garinsu, an san 'ya'yansa. Duk sa'ad da aka liƙa mata sunan gargajiya, mai ɗora ta a intanet sai ya ji kamar tsintuwa ya yi a bakin hanya, ya manta da cigiya.

Wuri na biyu ya fi wuyar warwarewa. Dokar ta samo asali ne daga ta Ingila ta 1911, inda aka ɗauka mutum guda ne zai zauna shi kaɗai ya rubuta abinsa. Waƙar fada ba haka take haihuwa ba. Wanda ya saurari Narambaɗa ko Ɗankwairo da kunnen basira ya san jagora yakan fara ɗan waƙa ne 'yan amshi su karɓe, wani lokaci har su yi ƙari daga bakinsu, ga kuma masu kotso da sanƙira kowa da nasa aiki. Sa'an nan waƙa guda takan fito da kama dabam a kowane zama, a ƙara wani ɗa yau, a yar da wani gobe. Wace ce ta asali a ciki? Nawa ne rabon ɗan amshin da ya shekara talatin a bayan jagora? Bugu da ƙari, dokar ta bambanta waƙa da faifan da aka ɗauke ta. Haƙƙin faifai na wanda ya shirya ɗaukar ne, ko kamfani ko gidan rediyo, kuma shekara 50 ne kawai. Ashe ke nan faifan da ya fito a 1970 ya fita daga hannun kamfani tun ƙarshen 2020, amma waƙar da ke cikinsa tana nan a hannun magada. Mutum nawa ne a Funtuwa ko Maradun aka taɓa zaunar da su aka yi musu wannan bayani?

Babban makamin da sabuwar dokar ta zo da shi shi ne takardar ƙorafi. Mai haƙƙi zai rubuta wa kamfanin da ke ɗauke da kayan, kamfanin kuwa wajibi ne ya sauke su, wanda ya yi ta maimaita laifi a dakatar da shi. Wannan ya dace da mai sabon fim da ke tsoron kasuwarsa ta mutu cikin mako guda. Ga tsohuwar waƙa kuwa, ana iya gudun gara a faɗa gidan zago. Gaskiya ce mai ɗaci, amma da yawa daga cikin waƙoƙin nan ba don masu ɗora su ba, da sun ruɓe tare da kaset ɗin da ke ɗauke da su, kuma ɗalibai da dama can suke samun abin nazari. Idan aka sauke su duka, magada ba su sami ko kwabo ba, jama'a kuma sun yi hasarar waƙar. Abin da ya fi shi ne a bar ta inda take, a juya akalar kuɗin zuwa gidan mai ita, kuma YouTube ɗin kansa yana da tsarin da ke ba mai haƙƙi damar yin hakan.

Sai dai ba a da'awa da baki kawai, sai da shaida, kuma a nan ne aikin ya faɗo kan sassan Hausa na jami'o'i. Lauya bai san bambancin taushi da kotso ba, ma'aikacin Hukuma a Abuja kuma ba zai iya jin murya ya ce wannan ta Salihu Jankiɗi ce ba. Harsashin yana nan, domin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara ɗimbin waƙoƙi a Diwanin Waƙoƙin Baka, ga kuma kundayen digiri da ƙura ta rufe a Kano da Zariya da Sakkwato. Abin da ya rage shi ne rajista guda, wadda za ta nuna kowace waƙa da mai ita, da 'yan amshinsa, da inda aka ɗauke ta da shekarar, da wanda ke wakiltar magada. Ɗalibin da aka tura ƙauye neman tarihin makaɗi, ba zai gagare shi ya ƙara waɗannan tambayoyi a takardarsa ba. 'Yan amshin da suka rage tsofaffi ne, kuma su kaɗai ne za su iya faɗin wanda ya ƙara wane ɗa a wace waƙa.