Shaihu Umar: Fim Ɗin Da Muka Manta

A wannan wata fim nake so mu tattauna a kai, amma ba irin na soyayyar saurayi da budurwa da yaranmu suke kwana kallo ba. Sunansa Shaihu Umar, kuma na tabbata da yawa cikinmu littafin kawai muka sani tun a makaranta.

Marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta littafin a shekarun 1930, tun yana malamin makaranta. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da shi fim da harshen Hausa. Daga nan fim ɗin ya ɓace shekara da shekaru, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Berlin a 2018.

Labarin ya faru ne a zamanin cinikin bayi. Mahaifin Umar ya rasu tun yana ciki, mahaifiyarsa ta auri Makau, wani jarumi a fadar sarki. Abokan zamansa na fada, waɗanda suke ci tare suke sha tare, su ne hassada ta ci har suka ƙulla masa sharri, sarki ya kore shi daga gari. Daga nan gida ya watse. Uwar ta bar ɗanta amana a hannun wata ta tafi ganin iyayenta, kafin ta dawo an sace shi. Wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗansa, ya kai shi Masar ya yi karatu. Ita kuwa ta bi sawu, wanda ya yi alkawarin sada ta da ɗanta ya ci amanarta, ta ƙare a bauta. Da ƙyar Allah Ya haɗa fuskokinsu, ba ta daɗe ba ta cika.

'Yar'uwa, ki dubi inda abin ya faro. Ƙarya ce ta rana ɗaya a gaban sarki, amma mace da marayanta ne suka biya da rayuwarsu. Mu ma sau nawa muke kai suka wurin maigida a kan kishiya, ko wurin suruka a kan facala, muna ganin magana ce kawai? Idan auren ya mutu, 'ya'yan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ne suke tagayyara.

Idan fim ɗin bai samu ba, ki nemi littafin ki karanta wa yara bayan isha'i. Kafin ki ɗauki maganar wani ki kai gaba kuma, ki tuna da mahaifiyar Umar. Allah Ya tsare mana harsunanmu, amin. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.