Kafin A Rushe Unguwa Sai An Ɓata Mata Suna

A Akra babban birnin Gana akwai wata unguwa a bakin ruwa da ake kira Tsohuwar Fadama. Sunan ma namu ne, gama babu manomin rake a Makarfi ko mai lambun tumatir a Hunkuyi da zai tsaya tambayar ma'anar fadama. Unguwar tana gefen kogin Odaw, daidai inda yake zubawa cikin tafkin Korle. Yawancin mazaunanta 'yan arewacin Gana ne, waɗansu sun gudo ne daga faɗan ƙabilanci na 1994, kuma dab da ita aka yi babbar kasuwar albasa wadda Hausawan Nijar da na Nijeriya suka daɗe suna ci, kafin hukuma ta tashe ta a 2021. Amma mutanen cikin birni ba su cika kiran unguwar da sunanta ba. Suna ce mata Saduma da Gwamrata.

Wannan suna shi ya sa na ɗauki alƙalami. Duk wanda ya yi makarantar Lahadi ya san abin da ya sami Saduma. In har ka yarda sunan unguwa ke nan, to ka riga ka yarda wuta ce ta dace da ita, saura kawai a sa rana.

Gwamnatin Gana ta ce tana so ta yashe tafkin Korle ta gyara bakinsa, domin ruwa ya sami hanya birnin kuma ya yi kyan gani. A 2002 aka ba mutanen takardar tashi. Suka garzaya kotu, kotu ba ta ba su gaskiya ba. Da wani ne, da ya naɗe tabarmarsa. Su kuwa sai suka kafa ƙungiyoyin adashi, suka bi gida gida suna ƙirga kansu, suna rubuta sana'ar kowa da ranar zuwansa. A ƙidayar 2009 sun sami mutum kusan 80,000. Da wannan lissafi a hannu suka riƙa zama da hukuma suna tambaya, ina za ku kai mu? Shekara da shekaru an rasa amsa, aka kuma kasa tashinsu gaba ɗaya.

Ranar 3 ga Yuni, 2015, aka yi ambaliya a Akra, wuta kuma ta tashi a wani gidan mai inda mutane suka fake wa ruwan sama, fiye da mutum 150 suka mutu. Ranar 20 ga watan, katafila ta shiga Tsohuwar Fadama ta kwashe gidajen da ke kusa da ruwa. Tsakiyar damina ce, azumin Musulmi kuma bai fi kwana biyu ko uku da kamawa ba. Dubban mutane suka kwana a fili. Da suka fito zanga-zanga, 'yan sanda suka tarye su.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa maganata daɗi ba. Ruwa ba ya barin hanyarsa. Wanda ya yi gini a kan magudana ya jawo wa kansa da maƙwabcinsa masifa, mu ma muna ganin haka a garuruwanmu duk watan Agusta. Hukuma tana da iko, har ma wajibinta ne, ta buɗe wa ruwa hanya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tashi mutum ba isasshen wa'adi, ba diyya, ba wurin komawa, sa'an nan a ce ai dama ɓarayi ne da karuwai.

Kada wani ya ce wannan labarin Gana ne. A Legas, cikin Oktoba 2016, Gwamna Akinwunmi Ambode ya ba da sanarwar rushe unguwannin talakawa na bakin ruwa, wai maɓoyar masu satar mutane ce. Otodo Gbame ƙauyen masunta ne a yankin Lekki. Daga Nuwamba 2016 zuwa Afrilu 2017 aka kori mutum wajen 30,000 daga can, alhali maganar tana gaban kotu. Kora ta ƙarshe ta faɗo ranar 9 ga Afrilu, Lahadin da muke ɗaga ganyen dabino muna waƙa a majami'u, su kuwa suna cikin kwalekwale a tsakiyar ruwa suna kallon gidajensu na ci da wuta. A watan Yuni kotu ta yanke hukunci cewa irin wannan kora ta saɓa wa tsarin mulki. Amma hukuncin ya tarar an riga an kore su, ana kuma zuba yashi a wurin domin gidajen masu hannu da shuni. To, ina masu satar mutanen da aka kama? Ni dai abin da na ga an kama shi ne fili.

Ku buɗe Littafin Sarakuna na Fari sura 21. Sarki Ahab ya ga garkar inabin Nabot kusa da fadarsa, ya yi sha'awar mai da ita lambu. Har tayin musanya da na kuɗi ya yi masa, abin da mutanen Otodo Gbame ba su samu ba. Nabot ya ƙi, domin gādon kakanninsa ne. Ku lura da dabarar Yezebel. Ba ta aika a ƙwace garkar da tsakar rana ba. Sai da ta sa aka nemo shaidun zur suka ce Nabot ya zagi Allah da sarki, dattawan garinsa kuma, mutanen da suka san shi tun yana yaro, suka zauna aka yi da su. Bayan an jajjefe shi ne aka shiga garkar. Wannan zama na dattawan Yezreyel ya fi muguntar Yezebel ba ni tsoro, domin wurin zaman da ya fi kama da namu ke nan. Ga masu son kiran unguwar matalauta Saduma kuwa, sai su duba Ezekiyel sura 16, inda annabi ya lissafa laifin Saduma ya sa girmankai da ƙoshi da ƙyale matalauci a ciki. A auna a gani, wa sunan ya fi dacewa da shi, mai bukka ko mai katafila?

Na san wani dattijo zai tuna mini da Romawa 13, cewa mu yi biyayya ga masu mulki. Haka ne, Baba. Amma Bulus da ya rubuta wannan wasiƙa shi ne ya hana a yi masa bulala a Urushalima ta wurin ambaton 'yancinsa na ɗan Roma, shi ne kuma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Zuwa kotu da rubuta takardar koke suna cikin biyayya ga doka. Jifa da ƙone-ƙone ne ba namu ba.

Mu a Ikara da Makarfi da Kudan ba mu da teku, amma muna da fadama, ita ce kuma ƙasar da ta fi kowace daraja a wurinmu. Da ita ake cin rani, da kuɗin rake da mazarƙwaila da tumatir ake biyan kuɗin makaranta, daga ciki ake fid da zakka da baikon godiya. Garuruwa suna faɗaɗa, dillalan fuloti sun fara leƙa inda dā sai mai fartanya. Gonakin yawancinmu kuwa na gādo ne, ba takarda, iyakarsu wata ɗorawa ce ko jerin gamba, shaidarsu kuma tsofaffi ne waɗanda muke binnewa ɗaya bayan ɗaya. Haka ma filayen majami'u da maƙabartu da yawa a ƙauyuka, da baki aka ba kakanninmu.

Dokar ƙasa ta 1978 ta sa dukan filayen jiha a hannun gwamna bisa amana, yana kuma iya karɓa domin amfanin jama'a. Diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, watau amfanin gona da itatuwa da gini. In ƙaramar hukuma ce ta karɓi gonar da ake nomawa, doka ta ce ta ba mai ita wata. Mutum nawa ne a cikinmu suka san wannan? Wanda bai rubuta mangwaro nawa ke gonarsa ba, ranar lissafi abin da ma'aikaci ya rubuta shi zai karɓa.

Saboda haka ina roƙon kowace majalisar ikilisiya ta yi abin da mutanen Tsohuwar Fadama suka yi, tun ba a ba mu takardar tashi ba. A sayi babban littafi. A sa matasa masu ilimi su bi dattawa gona gona a wannan rani, a rubuta mai ita, da maƙwabtanta na gabas da yamma da kudu da arewa, da itatuwan da ke ciki, da yadda aka same ta. Zumuntar mata ta tabbata an rubuta gonakin gwauraye da marayu da sunansu, kada a sa sunan ƙanen miji. A kira mai unguwa da dagaci su sa hannu. A kuma gayyaci limamin unguwa da jama'arsa, gama iyakar gonarmu ita ce iyakar tasu, katafila kuma in ta shigo fadama ba ta tambayar wanda aka yi wa baftisma. Filin majami'a da na maƙabarta kuwa, a ware kuɗi daga baikon kaka na bana a nemi takardarsu a wurin hukuma.