Sharhi: Kayan sarauta, gadon gida ne ko amanar al'umma?

A ranar 19 ga watan Oktoban 2025 ne wasu ɓarayi suka kutsa gidan adana kayan tarihi na Louvre da ke birnin Paris da rana tsaka, suka yi awon gaba da kayan adon sarauta guda takwas, waɗanda hukumomin Faransa suka ƙiyasta kuɗinsu a kan Yuro miliyan 88.

Daga cikin kayan har da wani kambi da aka ƙera a 1853 domin Sarauniya Eugenie, matar Sarki Napoleon na uku, wanda aka yi wa ado da ƙwayoyin daiman kusan 2,000.

Wannan kambi dai ya sha yawo tun kafin ɓarayin su kai gare shi. Bayan da mulkin sarakuna ya kau a Faransa, gwamnatin ƙasar ta yi gwanjon kayan sarautar a 1887, inda daga bisani kambin ya faɗa hannun gidan sarautar Thurn und Taxis na Jamus. Sai a 1992 aka sayo shi aka mayar da shi Faransa.

Ke nan a Turai irin wannan kaya na da farashi, ana gadonsa kamar gona, ana kuma sayar da shi idan ta kama.

A ƙasar Hausa kuwa abin ya sha bamban. Babu kambin daiman a fadojin Daura ko Katsina ko Kano, amma akwai takubba da masu da tambura waɗanda suka girmi gidajen da ke riƙe da su a yau, kuma ba a taɓa yi musu kuɗi ba.

Takobi ɗaya, gidaje uku

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Katsina, inda ake ajiye da takobin nan da ake kira Gajere.

Tarihin baka ya nuna cewa da shi ne Korau ya kashe Sanau, sarki na ƙarshe daga zuriyar Durɓawa, ya kuma kafa sabon gidan sarauta a birnin.

Zuriyar Korau ta yi ɗaruruwan shekaru tana mulki har zuwa jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, lokacin da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin a wajejen 1807, su kuma sarakunan Haɓe suka yi arewa, inda daga baya suka kafa Maraɗi.

A 1906 Turawan Ingila suka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa, suka naɗa Muhammadu Dikko na Sulluɓawa, wanda zuriyarsa ce ke kan gadon har yanzu.

Sarauta ta sauya gida, amma Gajere na fadar Katsina. Abin da hakan ke nunawa shi ne, takobin na gadon sarauta ne, duk wanda ya hau shi ke riƙonsa, idan ya sauka kuma ya bar wa na baya.

A Daura kuwa, inda fada ke ajiye da takobin da ake dangantawa da Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu, tarihi ya juya ne ta wata fuskar. Jihadi ya kawar da sarakunan Haɓe daga birnin, amma a 1906 Turawa suka mayar da su ta hanyar naɗa Sarki Musa.

Haka nan a Kano, Fulanin da suka karɓi mulki bayan jihadi ba su yi watsi da abin da suka tarar ba. Sun zauna a Gidan Rumfa, sun kuma riƙe kakaki da figini da takalmin gashin jimina, waɗanda tarihin Kano ya ce Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kawo su. Tagwayen masu, waɗanda Sarkin Kano ke riƙewa a manyan ranaku, su ne suka zama tambarin masarautar.

Zuwan sandar Bature

Sai dai kuma a 1903 wani sabon abu ya shigo cikin lissafin.

Bayan faɗuwar Kano a watan Fabrairu da ta Sakkwato a watan Maris na shekarar, Gwamna Lugga ya shaida wa manyan Sakkwato cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi ya koma hannun gwamnatin Ingila. Alamar wannan iko ita ce takardar naɗi da kuma sandar girma.

Turawa sun tafi a 1960, amma sandar ba ta tafi ba. Ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa, daga nan kuma ta koma hannun gwamnonin jihohi.

Ta wannan hanya ce Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya ya bar gado a 1963, Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996, sannan Sarkin Gwandu Mustapha Jokolo a 2005.

Ko a inda babu wata taƙaddama, maganar gwamna ce ta ƙarshe. A masarautar Zuru ta jihar Kebbi, wadda ta ƙunshi ƙasashen Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, bayan rasuwar Sarki Muhammadu Sani Sami a watan Agustan 2025, sai da Gwamna Nasir Idris ya amince kafin a bayyana magajinsa, Sanusi Mika'ilu Sami.

Don haka sarki a yau alama biyu yake riƙe da ita: kayan gado da ke haɗa shi da magabata, da kuma sandar da ke haɗa shi da gidan gwamnati. Muddin biyun suna hannun mutum ɗaya, babu wanda ke tambayar wadda ta fi nauyi.

Darasin Kano

Rikicin sarautar Kano ne ya sa tambayar ta taso.

A ranar 9 ga watan Maris na 2020 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta tuɓe Muhammadu Sanusi na biyu, ta naɗa Aminu Ado Bayero. A ranar 23 ga watan Mayun 2024 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta rushe masarautu biyar na jihar, ya mayar da Sanusi kan gado.

Gwamnan ya ba sarakunan da abin ya shafa sa'o'i 48 su fice daga fadojinsu, su kuma miƙa kayan masarautun ga ma'aikatar ƙananan hukumomi. Kwana biyu bayan haka Sanusi na Gidan Rumfa, Aminu Ado kuma na ƙaramar fada ta Nasarawa, kowanne da dogarawansa da lemarsa, batun kuma ya tafi kotu.

Sakamakon haka 'yan sanda suka hana hawan Babbar Sallah a 2024 da kuma hawan Sallah a 2025, alhali a watan Disamban 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya hawan na Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Masu lura da al'amura na ganin cewa a irin wannan yanayi ne kayan tarihi suka fi shiga haɗari. A al'adance bayin sarki da amintattun fada ne ke kula da su, kuma abin da suka sani a ka yake, daga uba zuwa ɗa. Idan fada ta rabu biyu, su ma masu riƙon amanar kan rabu.

Ina mafita?

Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai tanadar wa sarakuna wani aiki ba, dokokin jihohi ne ke tafiyar da al'amuransu, kuma an ga yadda majalisar dokoki ke iya sauya irin waɗannan dokoki cikin 'yan kwanaki.

Akwai dokar 1979 da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda ta haramta fitar da kayan tarihi waje ba tare da izini ba. Sai dai hana fita da kaya daban, sanin adadinsu da wurin da suke kuma daban.

Shi ya sa wasu ke ganin ya kamata kowace masarauta ta rubuta jerin kayan gadonta, tare da hotuna da tarihin kowanne, a ajiye kwafi a wurare irin su Gidan Makama na Kano. Wasu kuwa na ganin kwarjinin kayan na cikin sirrinsu, kuma takobin da aka sa a akwatin gilashi ya zama abin kallo kawai.

Ko ma dai wane ɓangare ne ke da gaskiya, Faransa ta iya bayyana wa duniya siffar kambin Eugenie da adadin duwatsunsa a ranar da aka sace shi, saboda komai na rubuce. Irin wannan shaida ce masarautun arewa za su buƙata duk ranar da aka nemi ɗaya daga cikin kayan nan aka rasa.