Kada ku jira sai ƙashin ya goce

Ke uwar da ke goyon yaro ɗan shekara uku ko huɗu wanda har yanzu bai zauna da kansa ba, da kai mahaifinsa, wannan ɗan littafi naku ne. Idan wani ne yake karanta muku, ku ce ya bi a hankali, ya maimaita inda ba ku gane ba.

Na san tambayar da ke bakinku, domin ita ce kowa ke fara yi mana a ɗakin motsa jiki: "Likita, yaushe zai yi tafiya?" Tambaya ce mai kyau, kuma babu mahaifin da ba zai yi ta ba. Amma akwai wata da ba a cika yi mana ba, ni kuwa a ganina ita ta fi gaggawa: "Yaya kwatangwalonsa yake?" Ra'ayina shi ne, duk yaron da ke da wannan lalura kuma ba ya tafiya da ƙafarsa, a ɗauki hoton kwatangwalonsa tun yana shekara biyu, a riƙa maimaitawa kowace shekara, ko da ba ya kukan komai.

Lalurar da nake magana a kanta ita ce shanyewar jiki da ke fitowa daga rauni a ƙwaƙwalwa. Raunin yakan faru tun yaro yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa. A ƙauyukanmu abubuwan da muka fi gani su ne doguwar naƙuda har jariri ya fito bai yi kuka ba, haihuwar bakwaini, shawara mai tsanani a makon farko, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Daban take da shan inna. Shan inna yana barin ƙafa a sake, ita kuwa wannan galibi ɗaure jiki take yi, hannu ya dunƙule, ƙafafu su sandare. Ba a ɗaukarta daga wani, ba laifin uwa ba ne, kuma yaron ba ɗan ruwa ba ne. Ɗanku ne, yana jin yunwa, yana jin zafi, yana gane muryarku.

Raunin da ke ƙwaƙwalwa ba ya ƙaruwa. Jiki ne yake ci gaba da canzawa yayin da yaro ke girma, kuma inda canjin ya fi yin ɓarna a ɓoye shi ne kwatangwalo.

Ku dubi yadda wurin yake. Ƙashin cinya yana da kai mulmulalle, kan nan yana zaune cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a ƙashin ƙugu. A ranar haihuwa, gaɓar nan lafiya lau take a yawancin yaran. Yaro mai lafiya yana rarrafe, yana tsayuwa, yana tafiya, nauyin jikinsa yana danna kan ƙashin cikin gurbin, gurbin kuma yana ƙara zurfi, kamar yadda dutsen niƙa ke loɓawa inda ake yawan gurzawa. Yaron da ba ya tsayuwa bai sami wannan ba. Gurbinsa yana nan ba zurfi. Ga kuma tsokokin cikin cinya a ɗaure dare da rana, suna jan ƙafafu su haɗe, wani lokaci har su gitta kamar almakashi. Wannan ja yana tura kan ƙashin waje kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, shekara bayan shekara, har wata rana ya bar gurbin gaba ɗaya.

Abin da ya sa nake nacewa a kan hoto shi ne, a farkon gocewar babu zafi kuma babu abin da ido zai gani. Mu kanmu da muke taɓa yaran kullum ba ma iya tantancewa da hannu kawai. Sai hoton ƙashi, wanda wasu ke kira radiyo. A hoton, likita yana auna kashi nawa cikin 100 na kan ƙashin ya fita daga gurbi. Idan ya wuce 30, an shiga haɗari, dole a sa ido sosai. Idan ya kai 40 yana ƙaruwa, an fara maganar aiki.

Binciken likitoci ya nuna kusan yaro 1 cikin 3 masu wannan lalura ƙashinsu yakan fara gocewa. Amma haɗarin ba ɗaya ba ne ga kowa. Yaron da ke tafiya da gudu ba tare da an riƙe shi ba, da wuya abin ya same shi. Wanda ba ya iya riƙe kansa ko ya zauna, kusan 9 cikin 10 ne. A ƙasar Suwidin, a shekarar 1994, likitocin kudancin ƙasar suka fara ɗaukar hoton yaran a kai a kai, suna yin aiki da wuri ga waɗanda ma'auninsu ya hau. Kafin nan, yara 8 cikin 100 ƙashinsu yakan fita gaba ɗaya. Bayan tsarin ya kankama, ko 1 cikin 100 bai kai ba. Ba wani sabon magani suka gano ba. Hoto ne a kan lokaci, irin wanda na'urar asibitinmu ma take ɗauka.

Yanzu bari in faɗi abin da wani uba ya ce mini, domin na san da yawanku haka kuke tunani. Ya ce, "Yaron da ba zai taɓa tafiya ba, me za a yi da ƙugunsa?" Ban ga laifinsa ba. Kuɗin mota ya yi yawa, hatsi bai kai ba, ga sauran yara. Amsar da na ba shi ita ce labarin wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da aka kawo mana a amalanke. Tun tana ƙarama ba ta tafiya, amma tana zama a tsakar gida, tana dariya da 'yan'uwanta, tana cin tuwo idan an jingina ta. A hankali ta daina yarda a zaunar da ita. Gwiwoyinta biyu suka karkace gefe ɗaya, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta. Uwarta ba ta iya buɗe cinyoyinta ta yi mata tsarki sai da ihu, har fatar wurin ta saɓule. Da dare ba ta barci, uwar ma ba ta barci. Da muka ɗauki hoto, kan ƙashin ya daɗe da fita, ya riga ya lalace, ba a iya mai da shi gurbinsa. Abin da ya rage shi ne rage mata zafi. Kuma in faɗi gaskiya, an taɓa kawo ta wani asibiti tana ƙarama, aka duba ƙafafunta, aka koya wa uwar tausa, babu wanda ya ce a ɗauki hoton ƙugu. Mu ma'aikatan lafiya muna da namu kason a cikin wannan sakaci.

Ba kowane ƙashin da ya goce ne yake ciwo ba, amma da yawa suna yi, kuma yaron da ba ya magana ba shi da hanyar faɗa sai kuka da ƙin abinci. Zama ba tare da zafi ba, kwanciya a yi barci, wanka da tsarki cikin sauƙi, hawa keken guragu a je makaranta ko wurin ibada tare da jama'a, duk sun dogara ga kwatangwalon da ke gurbinsa. Yaron da ba ya tafiya a zaune zai yi rayuwarsa, don haka shi ya fi kowa bukatar ƙugu mai lafiya.

Idan an gano da wuri, aikin yakan zama ƙarami. Likita yana ɗan tsaga fata a matsematsi, ya sassauta jijiyoyin da ke jan cinya ciki. Idan gocewar ta yi nisa, sai an yanke ƙashin cinya an juya kansa ya fuskanci gurbi, a kama shi da ƙarfe, wani lokaci a gyara gurbin ma. Wannan babban aiki ne. Ana iya bukatar ƙarin jini, yaro yana iya yin makonni cikin filasta, kuma ba kowane asibiti ke yin sa ba, sai mu tura ku wurin likitan ƙashin yara. Ba zan ɓoye muku ba, a wasu yaran ƙashin yakan sake gocewa yayin da suke girma, sai an sake aiki. Aikin kuma ba ya warkar da ƙwaƙwalwa. Duk wanda ya ce muku bayan tiyata yaron da bai taɓa tsayuwa ba zai tashi da gudu, yaudararku yake yi. Yaron da ke fama da tamowa ma ba a yi masa aiki sai ya murmure, saboda haka abinci yana cikin magani: kunu mai kauri da gyaɗa, wake, ƙwai, a ba shi a zaune, kansa a miƙe, kaɗan-kaɗan don kada ya shaƙe.

A gida akwai abin yi da yawa, sai dai ku san iyakarsa. Goyo yana da kyau, domin yana buɗe ƙafafu. Idan yaro zai kwanta, a sa matashi ko naɗaɗɗen zane tsakanin gwiwoyinsa. Kada a bar shi kwance a kan tabarma yini guda a gefe ɗaya. Kafinta zai iya haɗa kujera mai jingina da ɗan katako a tsakiya da zai raba cinyoyi, da allon tsayuwa da za a ɗaure yaro a jiki da zane ya tsaya na ɗan lokaci kowace rana. Ku zo mu auna shi mu ba ku zanen. Wanda ya fara taka ƙafa, a kafa masa itatuwa biyu dogaye a tsakar gida ya riƙa dafawa. Duk waɗannan suna taimakon jiki da numfashi da walwalar yaro. Amma tausa da miƙa ƙafa su kaɗai ba sa hana ƙashi gocewa, maganin sassauta tsoka ma haka. Na ga iyaye masu ƙoƙari ƙwarai waɗanda ƙashin ɗansu ya goce duk da haka, saboda haka kada ƙoƙarinku ya sa ku bar hoto.

Abu guda nake roƙonku da babbar murya: kada a buɗe ƙafar yaro da ƙarfi. Ƙasusuwan yaron da ba ya tsayuwa ba su da ƙwari, cinya tana iya karyewa a hannun mai tausa. Maɗori ya san karaya, amma wannan ba karaya ba ce, ja da ɗauri ba za su mai da kan ƙashi gurbinsa ba. Tsaga da sakiya kuwa ciwo kawai suke ƙara wa yaro. Kuɗin da ake kashewa a zagaye gidajen masu magani a shekara guda ya ninka kuɗin hoto sau da yawa.

Ku shugabannin jama'a, na ikilisiya da na unguwa, kun san gidajen da ake ɓoye irin waɗannan yara a ƙuryar ɗaki. Ku shiga ku gaisa. Uwar da ke ɗauke da yaro ɗan shekara shida a baya tana bukatar mai rakiya da mai taya ta kuɗin mota fiye da mai yi mata jaje.

Yaron da ba ya tafiya, ko sai da abin dafawa, a kawo shi yana shekara biyu, daga nan kowace shekara har ya kai takwas, bayan haka likita zai faɗa muku tazarar da ta dace da shi har ya gama girma. Wanda ke tafiya da kansa amma yana ɗingishi ko yana faɗuwa, a duba shi a shekara biyu da kuma shida. Ku zaɓi lokacin da ba za ku manta ba, kamar bayan kaka, sa'ad da an gama aikin gona kuma hanya ta bushe. Amma idan kun ga ƙafa ɗaya ta fara gajarta, ko cinyoyi sun fi da wuyar buɗewa, ko yaro yana kuka idan an ɗaga shi, kada ku jira kaka. Ku ajiye tsohon hoton a leda tare da katinsa, ku zo da su duka, domin sai likita ya ɗora na bara kusa da na bana yake ganin ko ƙashin yana motsi.