Kafin ka sayi pus, fara tambayar garin da aka tura ka

Duk shekara, idan Satumba ta yi nisa aka fara fitar da takardun tura malamai wuraren aiki, tambayoyin sabon malami ba su wuce uku ba. Akwai ruwa a garin? Kilomita nawa ne daga kwalta? Akwai rezo? Ta ukun ita aka fi amsawa da sauri, kuma ita aka fi amsawa a gurguje. Sai a ce masa "akwai", ya kwantar da hankalinsa, ya ɗaure katifa bayan kabu-kabu ya tafi. Ba wanda ya gaya masa rezon wane kamfani ne, ko a cikin gari yake ko sai an hau tudun bayan maƙabarta, ko na kira ne kawai ko yana iya buɗe takardar da sufeto ya turo ta WhatsApp.

Ra'ayina a kan wannan magana a taƙaice yake. A Nijar babu wani kamfanin waya da za a ɗaga a ce shi ne ya fi ko'ina, akwai dai wanda ya fi a wuri kaza. Duk wanda ya ce maka "sayi na wane, shi ne mai kyau" bai tambaye ka inda za ka kwana ba, labarin unguwarsa yake ba ka.

Kamfanoni huɗu ne ke gabanmu. Akwai Airtel, wanda manya suka sani tun yana Celtel, ya koma Zain, kafin kamfanin Indiya ya saye shi a 2010. Akwai Moov Africa, da ke ƙarƙashin Maroc Telecom. Akwai Zamani Telecom, wanda ya gaji Orange bayan Faransawan sun sayar da reshensu na Nijar a 2019. Sai Niger Telecoms na gwamnati, da aka samar a 2016 lokacin da aka haɗe Sonitel da SahelCom. Har yau idan mutum ya ba ka lamba ka ji ta fara da 96, ko 94, ko 90, ko 93, kan ya ƙarasa ka san gidan da ta fito. Kowannensu yana da allon talla mai kyau a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa, kuma a tsakiyar waɗannan birane kusan dukansu suna aiki. Matsalarmu ita ce yawancin makarantun ƙasar nan ba a tsakiyar birni suke ba. Sama da kashi 80 cikin 100 na ƴan Nijar a karkara suke zaune, can kuma ake tura malami, musamman ɗan kwantaragi da ya fito daga makarantar horon malamai jiya-jiya.

Kamfani ɗan kasuwa ne, yana kafa antena inda yake ganin kuɗinsa za su dawo. Shi ya sa idan ka bi babbar kwalta daga Yamai ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa har Damagaram, da wuya wayarka ta daɗe shiru. Amma ka ratse ka yi arewa ko kudu a kan rairayi, sai labari ya canza daga ƙauye zuwa ƙauye. Wannan gari antenar kamfani ɗaya ce ke kai masa, na gaba da shi kuma wata ce daban, na bayansu sai dai a tsaya ƙarƙashin wata gawo a ɗaga hannu sama. Taswirar da ke kan takardar talla ba ta nuna wannan.

Akwai abin da nake so mu riƙa bayyana wa juna, don da yawa daga cikinmu na ruɗuwa da shi. Sandunan da ke saman waya suna nuna ƙarfin siginar da ke tsakaninka da antena ne kawai. Ba su gaya maka ko antenar ta cika da mutane ba. Abin da ya kamata ka duba shi ne harafin da ke gefensu. Idan ka ga E, to kira da saƙon rubutu za ka samu, takarda mai shafi goma kuwa sai ka yi sallar la'asar ka dawo tana juyawa. Idan H ce ko 3G, da dama-dama. 4G ita ce ke iya ɗaukar bidiyo da taro ta waya. Sannan antena ɗaya raba ƙarfinta take yi tsakanin duk waɗanda ke kanta a lokaci guda. Garin da rezonsa ke gudu ranar Talata da hantsi, ranar kasuwa da yamma kira ma ba ya shiga, alhali sanduna na nan cike. Antena kuma wuta take ci. Wadda ke daji da gazuwal ko hasken rana take aiki, idan mai ya yanke ko batir ya gaji, ta yi shiru, ko da kuwa ka zuba jika biyar a layinka da safe.

Waɗanda aka tura bakin iyaka, irin su yankin Ɗan Isa, Ƙonni, Magarya da Matamai, suna da ƙarin abin lura. Siginar kamfanonin Najeriya na tsallako iyaka, wani lokaci ma ta fi ta gida ƙarfi. Wayar da aka bari tana zaɓen rezo da kanta tana iya kama na ƙetare, mutum na zaune a ɗakinsa a Nijar ana cajin sa kuɗin baƙo. Maganin wannan a cikin saitin waya yake: ka zaɓi kamfaninka da hannu, ka kashe abin da ake kira roaming.

To wa za a tambaya? Ni na fi yarda da mutum uku. Na farko malamin da za ka gada, ko daraktan makarantar, don su ne suka san inda ake tsayawa a aika rahoto. Na biyu ma'aikacin asibitin garin, wanda dole ne ya kira motar ɗaukar marasa lafiya da tsakar dare, ba shi da lokacin son kai ga wani kamfani. Na uku mai cajin waya a bakin kasuwa. Wannan bawan Allah wayoyin gari duka ta hannunsa suke bi, ya san layin da ke cikin kowace. Kada ka tambaye su wane ne ya fi kyau. Ka tambaye su da wane suke kira idan abu ya taso cikin dare. Bayan haka, idan ka isa, ka ari wayar wani ka gwada a wuri biyu da za ka fi zama: cikin aji, da cikin ɗakin da za ka kwana. Katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano suna rage sigina sosai, abin da ya yi aiki a tsakar gida ba lalle ya bi ka har kan tabarma ba. Sati guda na gwaji ya fi a sayi forfe na wata a birni a zo a zuba masa ido yana ƙarewa.

Sai maganar farashi, inda aka fi cin mu da baki. Kamfanoni sun san muna son garaɓasa. Saƙo zai shigo cewa ka zuba kaza a ninka maka, kai kuma ka ji kamar ka tsinci dami a kala. Kafin ka yi murna ka nemi amsar abu uku: garaɓasar kwana nawa take yi, wane layi take kira, da wane lokaci ake cin ta. Sau da yawa za ka tarar ta cikin gida ce, wato ba ta kiran layin wani kamfani, ko ta dare ce, ko kuma gobe war haka ta mutu. Malamin da zai shiga aji ƙarfe takwas me zai yi da megar da ba ta aiki sai bayan sha biyun dare?

Mu da muke koya wa yara lissafi bai kamata a ci mu a nan ba. Bari in ba da misali, ba farashin kowa ba ne, lissafi ne kawai. A ce mutum biyu kowa ya kashe jika biyu. Na farko an ba shi mega 3000 na sati ɗaya, na biyu mega 2000 na wata. A kan takarda na farko ya fi riba. Amma idan a ƙauyensa intanet ba ta tafiya sai ya shigo gari ranar Asabar, ya ci mega 500 sauran suka mutu, to kowace mega ya saye ta sefa 4. Na biyun da ya cinye nasa a hankali cikin wata, sefa 1 ya saye ta. Abin da ka iya ci shi ne abin da ka saya. Haka kuma a kula da ranar da forfe ya ƙare ba a sani ba, domin a tsare-tsare da dama waya na komawa cin karedin kira kai tsaye, a farashi mai tsada, cikin mintoci kaɗan ta share shi. Ga kuma ƙananan hidimomin nan na waƙar jiran kira da tambayoyin gasa, da ake shiga da latsa maɓalli ɗaya, su riƙa zarar dala biyar ko dala goma kullum. A wata kuɗin sabulu ne. Duk wanda ya ga karedinsa na raguwa bai yi kira ba, ya je ofishin kamfanin ko ya kira su a cire masa.

Wani abin da ake mantawa wajen zaɓe shi ne kuɗi. Yau layi ya zama aljihu. Kamfanonin na da asusun ajiya da aika kuɗi ta waya, ga kuma gidajen aike irin su Nita da Al Izza da Amana, waɗanda su ma lambarka suke nema. Asusun da ba shi da wakili mai tsabar kuɗi a kusa da kai, amfaninsa kaɗan ne. Idan sai ka biya kabu-kabu zuwa da dawowa kafin ka cire jika biyar, to ka sa kuɗin kabu-kabun cikin farashin layin. Kuma don Allah kowa ya yi rajistar pus ɗinsa da katin shaidarsa, da sunansa. Layin da aka saya a bakin tasha da sunan wani, ranar da waya ta ɓace ko aka sace ta, babu yadda za ka tabbatar naka ne, kuɗin da ke ciki kuwa sai dai haƙuri.

Saboda duk wannan ban ga laifin mai pus biyu ba, yawancin wayoyinmu ma da gurbi biyu suke zuwa. Ɗaya na garin aiki, ɗaya na gida inda iyali suke. Abin da nake ƙi shi ne malami mai lamba huɗu, kowane wata da wadda yake kunnawa gwargwadon inda garaɓasa ta faɗo. Darakta na nemansa a wannan, sufeto na da waccan, shugaban kwamitin COGES na da wata ta uku da ta daina aiki tun bara. A zaɓi lamba ɗaya, wadda ke shiga a garin aiki, a ba hukuma da iyayen yara, a bar ta a kunne. Sauran a yi wasan farashi da su yadda aka ga dama.

Iyaye kuma, musamman waɗanda ɗansu ko ƴarsu ta ci jarrabawa aka kai ta kwaleji a wani gari tana zaune gidan mai masauki, ku lura da wannan. Yaron yana birni, kusan kowane layi na yi masa aiki. Ku ne kuke ƙauye. Don haka layin da za a saya masa shi ne wanda ke shiga a gidanku, kuma ya zama kamfani ɗaya da naku don kiran ya yi sauƙi. Ba na abokansa za a bi ba. A ganina yaron da ke ajin farko na kwaleji ƙaramar waya mai maɓalli ta ishe shi, batirinta na kwanaki, ɓarawo bai damu da ita ba, kuma ba ta hana shi barci. Wanda ke shirin BEPC ko BAC, idan malamansu na tura darussa da tsofaffin tambayoyi ta WhatsApp, ana iya saya masa ɗan forfe na sati, uba ko uwa su san ranar da aka zuba da ranar da ya ƙare. Megar da aka ce ta karatu ce ta ƙare cikin kwana biyu, ba takardu aka buɗe da ita ba.

Na san akwai masu cewa a wannan lokaci da ake maganar dogaro da kai, kamata ya yi kowa ya riƙe layin kamfanin ƙasa, kuɗinmu su tsaya a gida. Ina girmama wannan magana, kuma inda layin ke aiki ina ƙarfafa a ba shi gurbi a waya. Sai dai ba zan ce wa malamar da ke ƙauye da jariri a hannu ta riƙe layin da ba ya shiga garinta ba, ko na wane ne. Kamfanin da ke son ta, na gida ko na waje, ya kai mata antena.

Hukumar ARCEP, wadda ke sa ido kan kamfanonin sadarwa, tana auna ingancin aikinsu, ta kuma taɓa cin su tara a kan haka. Abin da zai fi amfanar mu shi ne sakamakon awon ya sauko ƙasa, gunduma-gunduma, cikin harshen da mutane ke ji, a karanta shi a gidajen rediyon al'umma. Kafin a kai can, akwai abin da mu malamai za mu iya yi ba tare da sisin kowa ba. Duk daraktan da zai bar makaranta yana rubuta takardar miƙa aiki: yawan ajujuwa, tebura, littattafai, alli. A ƙara layi biyu a ƙasa, wane rezo ne ke shiga garin, a wane wuri, na kira ne ko har da intanet. Masu ba da shawara kan koyarwa da ke zagaya makarantu su tattara, a liƙa a allon ofishin sufeto kusa da jerin sunayen waɗanda aka tura, tun kafin Oktoba ta kama.