Sharhi: Gubar da ke jikin kifin teku ta danganta da ruwan da aka kamo shi

Galibin kifin ƙanƙara da ake saye a kasuwannin Nijeriya, daga Legas har Kano, daga ƙasashen waje ake shigo da shi, kuma da wuya mai saye ya tambayi tekun da aka kamo shi. Masana kuwa sun nuna cewa amsar wannan tambaya tana da alaƙa da lafiyar mai ci.

A shekarar 2017, masu bincike na Cibiyar Nazarin Teku ta Scripps da ke Amurka sun auna kifin tuna iri ɗaya daga tekuna daban-daban. Sun gano cewa wanda aka kamo kusa da yankunan masana'antu na Arewacin Amurka da Turai yana iya ɗauke da sinadarai masu guba har ninki 36 na wanda ya fito daga yammacin Tekun Fasifik. Sinadaran sun haɗa da tsofaffin magungunan ƙwari da PCB, waɗanda aka daɗe da haramtawa amma ba sa ruɓewa. Sukan taru a kitsen ƙananan kifaye, manya su cinye ƙananan, gubar ta yi ta ƙaruwa har ta iso tukunyar ɗan Adam.

Yanayin teku ma yana da tasiri. Tekun Baltik mashigarsa ƙunƙuntacciya ce, ruwansa kan ɗauki shekaru da dama kafin ya sauya, don haka dattin masana'antu ya kwanta a cikinsa. Wannan ya sa hukumomin Suwidin ke shawartar yara da matan da ke shekarun haihuwa da kada su ci kifinsa mai kitse fiye da sau biyu ko uku a shekara. A Bahar Rum kuwa zaiba ce matsalar, kuma wani ɓangare nata daga duwatsun yankin take fitowa.

Illar zaiba ta bayyana ƙarara a garin Minamata na Japan a 1956, inda ruwan wata masana'anta ya gurɓata kifi, ya lalata ƙwaƙwalwa da jijiyoyin jama'a, har da jariran da ke ciki. Sunan garin aka sanya wa yarjejeniyar 2013 ta taƙaita amfani da zaiba, wadda Nijeriya ta amince da ita. Sai dai har yanzu masu haƙar zinariya da hannu suna ƙona zaiba a fili, hayaƙin kuma ƙarshensa cikin ruwa ne.

Babu hujjar ƙaurace wa kifi, musamman ga iyalan da shi ne naman da suke iya saye. Ƙananan kifaye irin su sadin ba su cika tara guba kamar manya ba. Giɓin yana wajen bayani. Kwalin da aka sauke a tashar jiragen ruwa kan nuna asalin kifin, amma da zarar an baje shi a teburin 'yan kifi, bayanin ya ɓace. Ya kamata hukumar NAFDAC da Sashen Kula da Harkokin Kifi na Tarayya su riƙa wallafa sakamakon gwajin kifin da ake shigowa da shi, tare da sunan tekun da kowane kaya ya fito.